Taga a Tsakiyar Kicin

Akwai wani mutum a garin Tucson na ƙasar Amurka mai suna Florencio Quijada. Amma in ka shiga unguwar kudu kana tambayar Florencio, kallonka kawai za a yi. Lencho kowa ya sani.

Sana'arsa wankin tayil, kuma ba irin na bokiti da tsumma ba. Inji ne a bayan motarsa mai dafa ruwa har ya zama tururi. Sai ya jawo dogon tiyo ya shigo da shi cikin gida, ya bi layukan simintin da ke tsakanin tayil ɗaya bayan ɗaya. Dattin da ya shekara talatin yana zamansa lafiya, da tururin nan ya sauka a kansa sai ya narke ya bi tiyo ya tafi.

Gaskiya dai a faɗe ta, Lencho ya iya aiki. Damuwar ita ce ya san ya iya, kuma yana so kowa ya sani.

Mahaifinsu ne ya kafa sana'ar. Da ya rasu sai ta dawo hannun Lencho da yayarsa Ofelia. Ita ke ɗaukar waya tana tsara ranakun aiki, shi ke shiga gidaje.

Tsohon ya bar musu doka ɗaya. Kafin ka sa tururi a gidan mutum, ka fara gwadawa a inda ido ba ya kaiwa, bayan firij ko cikin sito. In tayil ɗin ba zai jure ba, ka gane tun ba ka yi ɓarna ba. In kuma mai gida ya ga gwajin ya ce bai shirya ba, sai a tura firij a rufe wurin, a rabu ana dariya.

Lencho bai yar da gwajin ba. Wuri kawai ya sauya masa.

Tsakiyar kicin yake zuwa, daidai inda kowa ke takawa. Ya zaɓi tayil huɗu, ya wanke su da layukansu har su yi fes, sannan ya shafa musu man kariya, wanda ke hana datti sake kamawa. In ya gama sai ya miƙe ya harɗe hannu, ya bar masu gida su kalla. Kicin ɗin da ɗazu babu mai ganin aibinsa, yanzu ya koma abin kunya gaba ɗaya, in ban da ɗan wurin nan mai haske a tsakiya.

Wannan wuri shi yake kira taga.

Ofelia ta yi magana har ta gaji.

"Wannan ba gwaji ba ne, Lencho, tarko ne," ta ce masa wata safiya yana ɗora kaya a mota.

"Taga ce, Yaya. Buɗe musu nake su leƙa su ga gidansu na gaskiya."

"Wanda ya leƙa kuma ba shi da halin shiga fa?"

"Ya nemo hali. Ni na zuba masa dattin?"

"Da Baba yana raye, da tiyon nan zai zane ka."

"Da Baba yana raye, da har yau muna cikin tsohuwar motar nan da sai an tura take tashi," ya ce, ya rufe ƙofa yana dariya.

Kuma dabarar tana ci, wannan ba a musu. Mutane kaɗan ne ke iya kwana da taga a tsakiyar kicin. Yawanci kafin ya naɗe tiyo an ce masa ya ƙarasa.

Wata rana a tsakiyar zafin watan Yuni wani dattijo ya kira. Ya ga takardar tallarsu a ƙofa, an rubuta gwaji kyauta ne, yana so a zo a duba masa.

Lencho ya ajiye mota a lungun baya, ya shiga ta ƙofar kicin kamar yadda masu aiki ke yi. Dattijon, Baba Eusebio, ya tare shi a bakin ƙofa ya sassauta murya. Ya ce matarsa ce ta fara zuwa wankin ƙoda, ba ta iya gugar ƙasa kamar da, kuma abin yana damunta. Shi dai yana so ya ji farashi tukuna, bai yi alkawarin komai ba.

Matar, Mama Chayo, tana tsaye a gaban murhu, 'yar siririya, ta ɗaure kai. A layinsu an san ta da tsabta. Maƙwabta har tsokanarta suke yi cewa in tortiya, wainar masarar da suke ci, ta faɗi a kicin ɗin Chayo ɗauka ake a ci, don ƙasan ta fi farantin wasu. Ita kuma tana jin daɗin wannan tsokana fiye da yadda take nunawa.

Ta miƙa wa Lencho kofi kafin ya ce komai.

"Ɗana, ni ban san me za ka wanke ba. Jiya-jiya na goge. Mijin nan nawa ne da neman inda zai kashe kuɗi."

"Mama, layukan nan na tsakanin tayil, wane launi ne?"

"Ruwan ƙasa mana. Haka aka sa su."

Lencho ya yi murmushi. Ya sha jin wannan amsa, kuma babu wadda yake so kamarta.

Ya janye kujera ɗaya, ya durƙusa a tsakiyar kicin, ya saki tururi. Ba a jima ba layukan suka fito fari sol kamar madara, tayil huɗun suka ɗauki haske. Ya shafa man kariya, ya miƙe, ya harɗe hannu.

Mama Chayo ta dafa bayan kujera ta daɗe tana kallo.

"Eusebio, haka suke a da?"

"Na manta, Chayo. An daɗe."

"Ashe duk shekarun nan a kan datti nake ciyar da ku," ta ce a hankali.

Akwai maganar da ta kamata a faɗa a wannan lokaci, kuma Lencho ya fi kowa saninta. Kowane gida haka yake. Tsumma ba ya kaiwa cikin layin siminti, ko da sau goma za a goge a rana, kuma wannan kicin ya fi yawancin waɗanda ya shiga tsabta. Amma wannan magana ba ta kawo ciniki, don haka ya haɗiye ta.

"Maiƙo ne, Mama, na shekara da shekaru," ya ce. "Duk gugar da kike yi, cikin layi kike tura shi."

Sannan ya faɗi kuɗin aikin.

Baba Eusebio ya ja shi gefe zuwa bakin ƙofa.

"Ɗana, wannan ya fi ƙarfina a yanzu. Asibiti ya sha mu. Babu yadda za ka yi wurin nan ya koma kamar yadda yake? Dubi fuskarta."

Lencho yana naɗe tiyo ya yi 'yar dariya.

"Baba, ai datti ba na mayar da shi, cirewa kawai na iya. In kun shirya ku kira."

Ba su kira ba. Shi ma kafin sati ya zagayo ya manta da su. Lencho ba ya riƙe fuska, ba ya riƙe suna. Ƙasan gida ce kawai in ya taɓa durƙusawa a kanta ba ya mantawa.

Aka yi shekara biyu da wani abu.

Lencho ya haura arba'in bai yi aure ba, har Ofelia ta daina yi masa maganar. Sai ga shi an kira shi aiki wani asibitin dabbobi. A nan ya haɗu da Noemí, ma'aikaciyar da ke karɓar marasa lafiya masu ƙafa huɗu. Yana cikin yi mata bayanin ƙarfin injinsa, wanda ba ta tambaya ba, wani ɗan kare ya yi ta yi masa haushi ba ji ba gani.

"Ka yi haƙuri da shi," ta ce. "Ba ya son wanda ya fi shi surutu."

An daɗe rabon da wani ya yi wa Lencho haka. Ya koma gida yana dariya shi kaɗai. Bayan kwana biyu ya dawo wai ya manta buroshi, alhali buroshin na cikin aljihunsa.

Noemí mace ce mai natsuwa, maganarta kaɗan amma tana zuwa inda aka aike ta. A garin Phoenix take zaune da, ciwon mahaifiyarta ne ya dawo da ita gida. Bayan mahaifiyar ta rasu sai ta kama ɗaki kusa da wurin aikinta, amma duk ranar Lahadi tana gidan mahaifinta, ita ke dafa masa abinci su ci tare.

Lencho ya kamu, kamu na gaske. Mutumin da ba ya sauraron kowa ya koma yana jiran kiran waya. Ya rage cika baki, ko da yake bai daina ba. Ya ce wa Ofelia in bai auri wannan matar ba, ya haƙura da aure har abada, kuma ba wasa yake yi ba.

Wata yamma suna cin gasasshen nama a bakin titi, ya ce wa Noemí yana so ya je ya ga mahaifinta.

"To, amma ka shirya," ta ce. "Babana ba ya shiri da masu irin aikinka."

"Me muka yi masa?"

"Akwai wani da ya taɓa zuwa gidanmu, lokacin da Mama..."

"Ai 'yan koyo sun cika gari," ya katse ta. "Kowa ya sayi inji ya zama gwani. Ki bar ni da shi. Zan wanke masa gidan tun daga ƙofa har banɗaki, kyauta. Da bakinsa zai ce in zo in ɗauke ki."

Noemí ta dube shi. Labari ne da ba ta son bayarwa dama, sai ta bar shi.

A al'adarsu ba a zuwa neman aure kai kaɗai, kuma ba a zuwa hannu rabbana. Tun da iyayensu sun rasu, Ofelia ce babba, ita za ta yi magana. Aka sa ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Suka sayi furanni da kwandon burodi mai zaƙi, Lencho ya sa zobe a aljihun riga. Ya kuma dage sai da motar aiki za a je, inji da tiyo da komai.

"Neman aure za mu ko neman kwangila?" Ofelia ta tambaya.

"Duka biyun, Yaya. Ki zuba ido."

Ta ƙofar gaba suka shiga. An sake wa gidan fenti, kuma Lencho bai taɓa ganin fuskarsa ta titi ba, don haka babu abin da ya faɗo masa a rai. Noemí ta buɗe musu da fara'a. Mahaifinta ya taso daga kujera da sanda, dattijo ne dogo da ya ɗan ranƙwafa.

"Baba, ga Lencho. Ga yayarsa, Ofelia."

"Barka da rana, Baba," Lencho ya ce da muryarsa mai cika ɗaki. "Na daɗe ina jin labarinka."

Dattijon ya riƙe hannunsa ya ɗan jima bai saki ba.

"Sannunku da zuwa," ya ce. "Mu a gidan nan a kicin muke cin abinci. Ku shigo, farfesun ya nuna."

Kowace sana'a da ɗabi'ar da take sa wa mai ita. Wanzami kai yake fara kallo, mai gyaran takalmi ƙafa. Lencho in ya shiga ɗaki ƙasa yake fara duba, tun kafin ya ga mutanen da ke ciki.

Yana sa ƙafa a kicin ya gan ta. Tayil huɗu a tsakiya, fes, kamar jiya aka yi. Ya san tayil ɗin, ya san murhun, ya san ƙofar bayan nan.

Amma akwai abin da ba shi ya yi ba. Daga gefen tagar, layukan siminti sun ɗan yi haske, ba fari ba, ba kuma ruwan ƙasa ba. Sun bazu layi bayan layi zuwa wajen murhu, wani ya fi wani fita. Can kusa da wurin wanke-wanke, wani layi ya yi haske zuwa rabi ya tsaya. Ido irin na Lencho ba ya buƙatar a gaya masa. Aikin hannu ne, da ɗan ƙaramin buroshi.

Ofelia ma ta gani. Ta dubi ƙasa, ta dubi ƙanenta, ta nemi kujera ta zauna.

"Zauna nan, ɗana," dattijon ya ce, ya nuna masa kujerar da ke fuskantar wurin.

Noemí ta zuba farfesun tumbi, ta kawo tortiya mai zafi da lemun tsami da yankakkiyar albasa. Lencho ya ɗauki cokali, amma idonsa ya ƙi barin ƙasa. Noemí ta lura.

"Na san za ka gani," ta ce. "Labarin da na so in ba ka ke nan ranar."

Ta zauna ta fara. Ta ce wani mai inji ne ya zo, lokacin tana Phoenix. Ya wanke wurin nan kaɗai ya tafi, ya bar mahaifiyarta da shi. Tun daga ranar Mama ta daina kiran maƙwabta shan kofi, matar da a da ƙofarta ba ta rufuwa. In an ƙwanƙwasa sai ta tare mutum a falo.

"Na ce in sayo ɗan kafet a shimfiɗa a kai, ta ce ita ba ta ɓoye ƙazanta. Na ce in kira wani kamfani in biya, ta ce babu mai injin da zai ƙara shigo mata gida ya koya mata tsabta. Sai ta samo buroshin haƙori."

Duk ranar da ba ta da asibiti, in ji Noemí, sai ta ninke tawul ta durƙusa a kai, da kwanon ruwan zafi da sabulu, tana bin layi. Wani lokaci layi ɗaya take iyawa ta kwanta. Likita ya hana, Baba ya yi faɗa, ya ɓoye buroshin, ta sayo wani. Ta ce ba za ta mutu mutane su zo gaisuwa su ga yadda ta zauna ba.

"Ba ta gama ba. Can ta tsaya," Noemí ta nuna rabin layin nan. "Washegari aka kwantar da ita, ba ta dawo gidan nan ba. Ban ce shi ya kashe ta ba, ciwonta ne ya kashe ta. Amma watanninta na ƙarshe a durƙushe ta yi su tana jin kunyar gidanta. Na daɗe ina so in ga fuskar mutumin nan."

Baba Eusebio yana shan farfesunsa a hankali, bai ɗaga kai ba.

Lencho ya saci kallonsa. Tsoho ne, an yi shekara biyu, kuma bai nuna alamar komai ba. Wataƙila bai gane shi ba. Ya ji zoben nan a aljihu yana taɓa ƙirjinsa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, tsoron rasa matar nan. Ofelia ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya janye ƙafar.

"Allah ya jiƙanta," ya ce. "Irin waɗannan su ke ɓata mana suna. Ba su da imani, kuɗi kawai suka sani. Baba, injina yana waje. In ka yarda, yau ɗin nan zan wanke kicin ɗin nan gaba ɗaya, ya zama ɗaya, ba za ka ƙara ganin wurin ba."

Dattijon ya ajiye cokali, ya goge baki.

"Na san za ka iya," ya ce. "Datti ba ka mayar da shi, cirewa kawai ka iya. Ko ba haka ka ce mini ba, a bakin ƙofar can?"

Noemí ta dubi mahaifinta, ta dubi Lencho. Sai ta juya ga Ofelia.

"Yaya Ofelia?"

Ofelia ta sunkuyar da kai.

"Aikinsa ne, Noemí. Taga yake kiranta."

"Tun daga gaisuwarka na gane ka," dattijon ya ce, muryarsa ba ta tashi ba. "Idona ya yi rauni, amma kunnena lafiyarsa ƙalau. Na ce bari in yi shiru, 'yata tana son mutumin nan, wataƙila ya sauya. Na zaunar da kai inda za ka gani, na ba ka abinci, na jira ka faɗa da bakinka."

Lencho ya sauka daga kujera ya durƙusa, kuma durƙuson nasa ya zo daidai kan tayil huɗun.

"Baba, ka yafe mini. Ban san abin zai kai haka ba. Ka bar ni in gyara. Ba kicin kaɗai ba, gidan duka, duk shekara, har iya rayuwata."

"Tashi, ɗana, wandonka na fita ne." Dattijon ya ɗaga sanda ya nuna rabin layin. "Ka ga inda ya tsaya? Nan hannunta ya tsaya. Kullum da safe nan nake fara kallo. In ka sa tururinka komai ya zama ɗaya, ina zan duba? Abin da ka iya yi, ba na so. Abin da nake so kuma, ba ka iya ba."

Lencho ya juya ga Noemí. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Furannin da suka kawo suna kan tebur a gabanta, tana gyara musu ganye ɗaya da yatsa.

"Da ka ce ni ne," ta ce. "Da zan ji zafi, da wataƙila zan yi wata ban kula ka ba. Amma wancan mutumin na shekara biyu da suka wuce ban san shi ba, zan iya cewa ya tafi. Wannan da ya dubi idona yanzu ya ce ba su da imani, shi na kawo gidanmu."

Ta tashi ta buɗe ƙofar baya, wadda ta fi kusa, ta tsaya riƙe da ita.

Baba Eusebio ya sa aka zuba wa Ofelia farfesu a roba, ya ce ba ta ci komai ba, kuma ba a fita gidan Chayo da yunwa. Ta karɓa hannu biyu tana ba da haƙuri. Suka zagaya ta lungu zuwa inda motar take.

Sai da suka tsaya a danja Ofelia ta ce, "Na so in yi ƙarya in rufa maka asiri, Lencho. Bakina ne ya ƙi."

"Na sani, Yaya," ya ce.

Ya yi ta kiran Noemí ba ta ɗauka. Bayan 'yan makonni ya je asibitin dabbobin ya jira ta tashi daga aiki. Ta fito ta saurare shi har ya gama, wannan karon bai cika baki ba, bai kuma kare kansa ba. Ya ce mata ya daina, ya koma bin dokar mahaifinsa. Ta ce ta ji daɗin hakan, kuma da gaske take.

"Ba na ƙin ka, Lencho," ta ce. "Baba ma ya ce ya yafe. Amma duk Lahadi a kicin ɗin nan nake cin abinci. A ina zan zaunar da kai?"

Ta shiga motarta ta tafi.

Lencho yana nan yana aikinsa. Yanzu in ya shiga gida, firij yake fara turawa, ya durƙusa a lungu cikin ƙura ya yi gwajinsa. Masu gida har mamaki suke. In ya ga matar gida ta fara jin kunya, sai ya yi maza ya ce mata kowane gida haka yake, ba laifinta ba ne. Ciniki ya ɗan ragu, Ofelia ba ta yi ƙorafi ba. Bai yi aure ba.

Wani lokaci aiki kan bi da shi ta layin su Baba Eusebio. Ba ya tsayawa, kuma ba ya buƙatar shiga don ya san abin da ke ciki. Man kariyar da ya shafa ranar mai kyau ne, shi da kansa ya zaɓo shi don ya daɗe. Tagar tana nan fes har yau.

Darasi: Kada ka nemi abincinka ta hanyar kunyata mutane. In Allah ya ba ka idon ganin aibin wani, ka nuna masa a ɓoye, inda zai iya rufewa in ba shi da halin gyarawa. Kai za ka faɗi magana ka wuce ka manta, shi kuma da ita zai kwana ya tashi. Kuma ranar da tsohon laifinka ya tare ka a hanya, ka ce ni ne, don sau da yawa ana yafe laifi amma a kasa yafe ƙaryar da aka rufe shi da ita. In labarin nan ya taɓa ka, ka tura wa wani mai sana'a da ka sani, ko wani mai kaifin baki, kafin ya buɗe tagar da ba zai iya rufewa ba.